Bindigogin Sojan Ingila da Yaƙin Ƙasar Hausa

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan ƙasar Arewa. Wani dare, bayan mun gama darasin lissafi, hira ta kai mu ga zuwan Nasara. Wani saurayi ya ce, "Malam, yaya za a yi soja ɗari bakwai su ci Kano? Ai kakanninmu ba su yi yaƙi ba, gudu suka yi." Wani dattijo da ke zaune a baya ya fusata. Ya ce, "Yaro, kama bakinka. Nasara da aljannu suka zo. Wa ka taɓa ji ya yi yaƙi da aljani?"

Na koma gida maganar tana damuna. Saurayin bai faɗi daidai ba, dattijon ma haka. Kakanninmu sun yi yaƙi, dubbai sun mutu a fagen fama. Nasara kuwa ba su zo da aljani ko ɗaya ba. Bindigogi suka zo da su, waɗanda mutane suka ƙera da hannunsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Zan gaya maka irin bindigogin da sojan ƙasa na Ingila suka riƙe, da yadda suke aiki, da inda suka ci, da inda suka kāsa.

Ina ruwan Arewa da Ingila?

Wataƙila ka ce, "Mu ai Faransa ce ta mulke mu." Gaskiyarka. Amma saura kaɗan mu zama na Ingila.

Ran 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasarmu a kan takarda. Suka ce iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri, wato fadamar nan tamu. Daga nan ta zagaye Sakkwato, nisan kilomita 160 ta kowane gefe. Ka ga ke nan garuruwan da ke gabas da fadama, har Birnin Ƙonni, sun faɗa rabon Ingila. Ba a tambayi sarki ko talaka ba. Daga baya Faransawa suka yi kukan ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Sai aka sāke shiri a 1904 da 1906, aka matsar da iyaka kudu. Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Ƙonni suka tabbata a hannun Faransa. Dangimmu na Kangiwa da Argungu suka zauna a hannun Ingila.

Ban da wannan, Arewa da Kabi abokan yaƙi ne tun dā. Samna Ƙarhe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa wajen yaƙi da Gwandu. A 1902 sojan Ingila suka kafa sansani a Argungu, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila. Daga Argungu zuwa nan ba nisa. Don haka labarin waɗannan bindigogi labarin gidanmu ne.

Makaman kakanninmu

Kafin mu duba na baƙo, mu duba na gida. Baraden sarki suna bisa dawaki, da takobi da mashi da garkuwa. Wasu suna sa sulke, wasu lifidi. Dakaru, wato masu yaƙi a ƙasa, yawancinsu ƴan baka ne. Ana shafa wa kibiya dafin kwankwani. In ta shiga jikin mutum, ko rauni kaɗan ne, yana iya zama ajalinsa.

Akwai bindiga kuma, irin wadda maharba ke riƙewa har yau. Ta baki ake ɗura mata. Ka zuba albarushi, ka danna da sanda, ka sa dalma ko guntun ƙarfe, ka sāke dannawa. Kafin ka gama, minti ɗaya ya kusa wucewa. In ta tashi, hayaƙi ya rufe ka. In ruwan sama ya jiƙa albarushi, ta zama sanda.

Ka riƙe abu ɗaya a ranka. Duk waɗannan makamai sai an matso kusa suke aiki. Takobi sai ka kai hannu. Mashi sai taki kaɗan. Kibiya da bindigar maharba ba su cika samun mutum ba in ya wuce taki 100.

Me ya hana sarakuna sayen sababbin bindigogi? An toshe musu hanya. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burusal, babban birnin Beljiyam. Suka yi dokar hana sayar da bindigogin zamani ga mutanen yawancin ƙasashen Afirka. Tsofaffin bindigogi masu ƙyastu kaɗai aka yarda a sayar. Wasu sarakuna sun samo sababbi kaɗan ta hamada ko ta bakin teku. Amma harsashinsu yana da wuyar samu, maƙeranmu kuma ba su da injin yinsa.

Bindigar sojan ƙasa

Bindigar da sojojin Ingila na Afirka ta Yamma suka fara riƙewa ita ce Martini. Ta baya ake sa mata harsashi. Soja ya ja wani ƙarfe ƙasa, bayan bindiga ya buɗe, ya sa harsashi ɗaya, ya rufe, ya ja kunama. In ya sāke buɗewa, kwanson da ya ƙone ya faɗo da kansa. Sojan da ya sha horo yana harbi kamar sau 10 a minti ɗaya.

Abubuwa uku suka bambanta ta da bindigar maharbi.

Na ɗaya, harsashi. Albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk suna haɗe cikin kwanson tagulla guda. Babu awo, babu dannawa, ruwan sama kuma ba ya ɓata shi.

Na biyu, cikin bututun. An yi masa zane a murɗe, kamar murɗin igiya. Wannan zane shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Abin da ke juyawa kuwa yana tafiya sak, ba ya karkata. Shi ya sa take samun mutum daga nisan mita 500, har fiye.

Na uku, albarushin. Wajen 1891 sojan Ingila suka koma ga wani sabon albarushi mai suna kodayit. Ya fi na dā ƙarfi, kuma kusan ba ya hayaƙi. Mai harbi yana ganin gabansa sarai, shi kuwa da wuya a gane inda yake.

Sai kuma babbar yayarta a aiki, ko da yake ƙanwarta ce a shekaru, wato Lee-Enfield. An fara ba sojan Ingila ita a 1895. Lee sunan mutumin da ya tsara makullinta ne. Enfield kuwa gari ne kusa da Landan, inda masana'antar take a wancan lokaci. Tana da gidan harsashi a ƙarƙashinta mai cin harsashi 10. Soja ya ja makulli baya, ya tura gaba, sabon harsashi ya hau. Gwani yana harbi sau 15 a minti, kuma yana saiti kowane harbi. Nauyinta wajen kilo 4. Kaurin harsashinta milimita 7.7, kusan kaurin fensirin da kake rubutu da shi. A 1904 aka fito da gajeriyarta, a 1907 aka ƙara gyara ta. Ita ce sojan Ingila suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita. Sannu a hankali ta maye gurbin Martini a hannun sojojin Nijeriya.

A bakin bindiga ana ɗaura wata doguwar wuƙa, banati. Da ita bindiga ke zama mashi in an haɗu gaba da gaba. Hafsoshi kuma suna rataye libarba, ƙaramar bindiga mai cin harsashi 6.

Bindiga mai ruwa

Yanzu mun zo kan wadda ta fi tsorata mutane. Hausawa suka sa mata suna bindiga mai ruwa, wasu su ce mai jigida. Wani mutumin Amurka mai suna Hiram Maxim ya ƙera ta a Landan a 1884. Da sunansa Turawa ke kiranta.

Ga dabarar da ya yi. Ka san in an harba bindiga takan yi harbin baya, ta bugi kafaɗar mai ita. Maxim ya ce wannan ƙarfi bai kamata ya tafi a banza ba. Ya shirya ƙarafa a ciki yadda bugun bayan zai fitar da tsohon kwanso, ya jawo sabon harsashi, ya sāke harbawa. Muddin yatsan soja na kan kunama, ba ta tsayawa. Harsasan suna jere cikin wata doguwar ɗamara ta zane, 250 a kowace ɗamara. Ita ce jigidar. Tana zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya.

To, ina ruwan? Ƙarfen da ke aman wuta haka yana yin zafi har ya lalace. Sai aka kewaye bututun da wani gwangwani mai cin ruwa kamar lita 4, don ya riƙa sanyaya shi. In aka yi ta harbi ba hutawa, ruwan ya tafasa, tururi ya tashi, sai an ƙara wani. Ka ji aljanin da dattijonmu ke faɗi. Yana shan ruwa, yana cin harsashi. In ɗaya ya ƙare, ko ƙasa ta shiga cikinsa, sai ya yi shiru.

Akwai kuma igwa, mai faɗin baki milimita 75. Ana kwance ta gunduwa-gunduwa, ƴan dako su ɗauka a kai. In an iso wurin yaƙi a haɗa ta. Aikinta fasa ƙofar gari da watsa taron dawaki tun daga nesa.

Mu yi lissafi

Ɗauki allonka. A ce barade sun taso wa soja 100 daga nisan mita 500. Doki mai sukuwa yana cin wannan tazara cikin minti ɗaya, ko kusa da haka. A cikin wannan minti kowane soja ya yi harbi 10. Goma sau ɗari, 1,000 ke nan. Ƙara bindiga mai ruwa guda biyu, kowace 500. An sami wani 1,000. Jimla harsashi 2,000, tun barde bai kai inda zai ɗaga takobi ba.

Don kada a zagaye su, sojojin sukan tsaya sahu huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar dangar gida. Kowa ya ba cikin fili baya, bakin bindiga yana duban waje. Ƴan dako da kaya da dawaki suna tsakiya. Bindigogi masu ruwa suna kusurwa. Ba mai harbi sai hafsa ya ba da umurni, sa'an nan su saki gaba ɗaya.

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne in an haɗu jiki da jiki. Aikin waɗannan bindigogi shi ne su hana a haɗu. Wannan tazara ita ce asirin Nasara.

Su wa ke riƙe da bindigogin?

Nan akwai magana mai ɗaci. A 1897 gwamnatin Ingila ta sa Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, ya kafa rundunar Afirka ta Yamma. Hafsoshi da wasu saje-saje ne kaɗai Turawa. Sojojin baƙaƙe ne, yawancinsu Hausawa da Yarabawa. Da yawa bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, wasu kuma talauci ya kai su. Har Hausa ta zama harshen bariki. Su ma masu ɗaukar akwatunan harsashi a kai, tun daga bakin Kwara har Sakkwato, mutanenmu ne. Da babu su, da bindigar ba ta iso ba.

Kano, Kwatarkwashi da Sakkwato

Ran 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Lugga ya yi shelar cewa Nijeriya ta Arewa ta shiga hannun Ingila. A baki ne kawai, don Kano da Sakkwato ba su san da zancen ba.

A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya. Yana da soja baƙaƙe 722, da Turawa talatin da wani abu, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ran 3 ga Fabrairu suka iso Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Igwa ta yi ta dukan ganuwa a banza, don kaurin gindinta ya kai mita 12 a wasu wurare. Ƙasa ta riƙa haɗiye harsashin. Sai suka juya kan ƙofa, suka fasa ta, suka shiga. Kanawa wajen 300 suka mutu. A cikin sojan Morland kaɗan ne suka ji rauni.

A ƙarshen watan, rundunar Kano tana komowa gida ƙarƙashin Waziri Ahmadu. A kusa da Kwatarkwashi suka ci karo da Laftanan Wright da mutanensa 45. Bisa ga lissafin Turawan, Kanawa sun kai doki 1,000 da dakaru 2,000. Sojojin suka yi sahu huɗu. Kanawa suka yi ta kawo hari, suna komawa, suna sāke dawowa, har awa biyu. Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin. Ka tambayi saurayin nan namu, mai gudu yana dawowa cikin wuta har awa biyu?

Ran 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sojojin da ke Argungu ma sun zo sun haɗu da na Morland. Duka sun kai soja 650, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fito da dubban mayaƙa. Fili ne fetal, babu wurin fakewa. Igwa da mai ruwa suka fara aiki tun daga nesa. Yawancin baraden ba su sami isa kusa ba. Wasu jarumai suka tsaya gindin tuta, suka ƙi motsawa, har aka kashe su duka. Kafin rana ta take, an gama. A ɓangaren Turawa, ɗan dako ɗaya aka kashe.

Inda bindiga ta kāsa

In da aljannu ne, da ba a taɓa cin su ba. Amma an sha ba su wuya, kuma kowane karo dalilin ɗaya ne, an rage tazara.

Misali na fari a gidanmu yake, ko da yake Faransawa ne. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Su ma da bindigogin zamani suka zo. Mutanen Lugu ba su tsaya musu a fili ba. Suka ja cikin kurmi mai ƙaya, inda mai bindiga ba ya hangen nesa, suka yi ta sakin kibau. Rundunar ta ƙone garin, amma sai da ta ɓarnatar da harsashi wajen 7,000. An kashe mata soja 4, an raunata 6. Sarauniya kuwa ba su kama ta ba.

Misali na biyu, Burmi, kusa da kogin Gongola. Bayan Giginya, Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. Ran 13 ga Mayu 1903 wata ƙungiyar sojan Ingila ta kai wa Burmi hari. Mutanen garin suna bayan ganuwa da ramuka, dole soja ya matso. Kibau suka yi musu ruwa, suka janye da raunuka masu yawa. Sai ran 27 ga Yuli suka dawo da ƙarin soja da igwa. Aka wuni ana gwabzawa. Kibiya mai dafi ta kashe shugabansu, Manjo Marsh. Attahiru ya faɗi tare da mutanensa fiye da 600. Ɗansa Mai Wurno ya ja sauran har Sudan, inda jikokinsu suke har yau.

Misali na uku ya fi kowane bayyana gaskiyar maganar, kuma daga jiharmu ta Doso ya faro.

Ranaku biyu a Satiru

A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya ta da jama'a a Kobkitanda, kudu da Doso. Ya ce kada a bi Nasara. A farkon Janairu 1906 Faransawa da mayaƙan Zarmakoy na Doso suka fasa garin. Malamin ya tsere gabas, ya shiga ƙasar Ingila. Ya sauka a Satiru, wani ƙauye mai nisan kilomita 22 kudu da Sakkwato. Hausawa suka riƙa kiransa Ɗan Makaho. Mutanen Satiru talakawa ne da bayin da suka gudu. Shugabansu Malam Isa. Dā ma sun ƙi biyan haraji, suna jiran bayyanar Mahadi.

Rana ta fari, 14 ga Fabrairu 1906. Mai riƙon Razdan na Sakkwato, Hillary, ya tafi kama shugabannin, da soja wajen 70 bisa dawaki. Ya raina mutanen ƙauyen. Ya wuce gaba don ya yi musu magana. Sojojin suka yi sahu huɗu. Da hafsansu, Laftanan Blackwood, ya ga Razdan yana cikin haɗari, sai ya sa sahun ya matsa gaba. Sahu ya warware. Kafin su sāke jeruwa, Satirawa sun iso kansu da gatari da fartanya da mashi. Dawaki suka firgita. Bindiga mai ruwa ba ta sami yin aiki ba. Aka kashe Turawa 3 da soja wajen 25. Saura suka gudu, suka bar mai ruwa a hannun manoma.

Amma samun bindiga dabam, iya aiki da ita dabam. Satirawa ba su da wanda ya san kanta, ba su da mai gyara, ba su da inda za su samo harsashi. Ba ta amfane su da kome ba. Malam Isa kuma ya rasu saboda raunin da ya ji.

Rana ta biyu, 10 ga Maris 1906. Manjo Goodwin ya zo da soja fiye da 500, da bindigogi masu ruwa, da igwa. Dawakin Sakkwato suna biye, don sarakunan sun goyi bayan Turawa. Wannan karo sahu bai warware ba. Satirawa suka taso kamar yadda suka yi a ranar fari, da zuciya ɗaya, da makamai iri ɗaya. Ba su iso ba. Mutum wajen 2,000 aka kashe, har da waɗanda aka bi cikin daji. Aka kwashe mata da yara. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sāke gini ko noma a wurin. Aka kama Ɗan Makaho, aka kashe shi a Sakkwato. Kisan ya yi muni har a Landan wasu manya suka yi ƙorafi, cikinsu da Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka.

Duba ranakun nan biyu da kyau. Mutanen ba su sāke ba, zuciyarsu ba ta sāke ba, gatarinsu bai sāke ba. A ranar fari sun sami isa kusa, suka ci. A rana ta biyu an tsayar da su nesa, aka ƙare su.

Tsuntsun da ya ja ruwa

Shekara takwas bayan Satiru, a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi. Yanzu Bature ne ke fuskantar Bature, kowa da mai ruwa tasa. Ta Jamus ma bisa tsarin Maxim aka ƙera ta. Ingila ta riga ta gyara tata a 1912, ta sa mata suna Vickers. A cikin yaƙin aka ƙaro wata marar nauyi, Lewis, mai faifan harsashi 47, wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Aka ƙaro gurneti na jifa da hannu, da hular ƙarfe.

Ran 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme a ƙasar Faransa, aka umurci sojan Ingila su fito daga ramuka su tasar wa Jamusawa a fili. Kowa da Lee-Enfield da banati a hannu. Abin da ya sami baraden Giginya shi ya same su. A wannan rana kaɗai an kashe musu mutum 19,240. In an haɗa da masu rauni da waɗanda suka ɓace, sun haura 57,000. Ba wanda ya ce matsorata ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Hausawan da ke sojan Nijeriya su ma an kai su wannan yaƙi. Sun yi faɗa da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka wuce da su Afirka ta Gabas. A farkon 1917, da Kawusan ya kewaye Agadas, Ingila ta turo sojojinta daga Kano da Sakkwato suka shigo ƙasar Nijar don taimakon Faransa. Waɗanda suka yi jayayya kan iyakarmu jiya, sun zama tsintsiya ɗaya da suka ga mulkinsu yana rawa.

Ɗan'uwa mai karatu

Washegari na koma aji, na karanta musu abin da ka karanta yanzu. Saurayin ya yi shiru. Dattijon ya ce, "Ashe aljanin ma ƙishirwa yake ji." Aka yi dariya. Da dariya ta lafa, ya ce kakansa ya taɓa ba shi labarin wani mutumin garinsu da aka kama dako, ya tafi bai dawo ba. Ya ce shi kaɗai ya rage da ya san sunan mutumin. A daren muka rubuta sunan a littafinsa, da hannunsa.

Yau ma bindiga ta dawo dajin iyakarmu, wadda ta fi Lee-Enfield sauri nesa ba kusa ba. Ba a ƙauyukanmu ake ƙera ta ba, amma sau da yawa ɗan ƙasa ne ke riƙe da ita, ɗan ƙasa ne kuma ke faɗuwa. In ka ga yaronka yana sha'awarta, ka ba shi labarin Satiru da na Somme, ya san abin da take bari a bayanta.

Ga roƙona gare ka. Turawa sun rubuta sunayen hafsoshinsu da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Namu kuwa adadi kawai aka rubuta, wajen 300, wajen 2,000. Ka je wurin tsofaffin garinku, maza da mata, tun suna da rai. Ka tambaye su abin da suka ji daga kakanninsu game da zuwan Nasara. Wa ya yi yaƙi? Wa aka kama dako? Wa ya shiga soja? Wace rijiya rundunar ta sauka? Ka rubuta sunan mutum da na garinsa, ko da layi uku ne. Ka kai wa malamin ajinku ya aiko mana, mu buga kowa ya karanta.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai wani jiƙon.